Tafiyar Ɗa'ifa da Turaren da Ban Biya Ba

Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙarar cokali a jikin bututun ruwa. A benenmu na unguwar Bani Malik a Jidda bututu ɗaya ne ya ratsa kicin ɗina ya haura zuwa na maƙwabciyata ta sama, wata Bahaushiyar Sudan. In tana son magana da ni ba ta wahalar da ƙafarta a matakala, sai ta buga shi da cokali in leƙo ta taga. Ranar ina cikin wanke shinkafa na leƙa, ta ce, "Maman yara, bar shinkafar nan ki hauro, akwai alheri."

'Yan uwana mata, na san labarin nan ya riga ya zaga gidaje daga Bani Malik har Sharafiyya, kowacce da irin gishirin da ta ƙara masa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da hannuna. Wadda ta karanta ta ga wautata tana da ikon ra'ayinta, amma ta karanta har ƙarshe tukuna.

Alherin da ta kira ni dominsa wani aiki ne da ta ɗan jima tana yi. Akwai wani kamfani a unguwar Bagdadiyya da masu manyan shaguna ke biya don ya duba musu yadda ma'aikatansu ke karɓar jama'a. Kamfanin sai ya tura mace irina, ta shiga shago kamar kowa, ta sayi abu da kuɗinta, ta karɓi fatura, wato rasit, ta dawo ta faɗi abin da ta gani. Ba a ɗauke ki aiki ba, babu albashi, zaman kanki kike yi. Kowane shago da ladansa, sannan a mayar miki da abin da kika kashe na kaya da man mota da abinci da wurin kwana, in kin kawo fatura. Ita cikinta ya tsufa, hawan dutse ya fi ƙarfinta, ga shagunan turare uku na jira, biyu a Ɗa'ifa, ɗaya a nan Jidda, a Sharafiyya. In na yi da kyau, ta ce, akwai wasu tafiye-tafiyen a gaba.

Ni kuwa a lokacin abu ɗaya ne ke cikin raina. 'Yata ta fari ta sauke Alƙur'ani a makarantar tahfiz ta unguwarmu, kuma tun tana izu goma na yi mata alkawarin ranar walima rago za a yanka, a kira malamanta da ƙawayenta da duk matan benen nan. Maigidana direba ne a wani shagon kayan ɗaki. Sabunta iƙamar mu duka, wato takardar izinin zama, ta cinye abin da muka ajiye, rago kuma kullum Hajji na matsowa kuɗinsa na hawa. Da na haɗa ladan shagunan nan uku da ɗan abin da ke hannuna, sai na ga ragon ya tsaya a gabana da ƙafafunsa huɗu.

Sai dai ban amsa nan take ba. Na je wurin malamarmu na ce mata, wannan ba leƙen asirin mutane ba ne? Ta ce mai dukiya yana da haƙƙin ya san yadda ake riƙe masa dukiyarsa, sharaɗin kawai kada in faɗi ƙarya, kada in ƙara, kada in rage. Na riƙe wannan. Maigidana ma ya yarda, tunda shi zai kai ni.

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, da ni da shi da yarinyar, ƙannenta mun bar su wurin maƙwabciya. Jidda a wannan lokacin tana da wani irin gumi da ke manne wa mutum abaya a baya tun kafin rana ta fito. Mun tsaya a bakin titi wurin mai tanda, maigidana ya sayo burodin tamis biyu masu zafi, riyal ɗaya ɗaya, da ful, wato dafaffen wake, a roba, muka ci a cikin mota. Na ce ya karɓo fatura. Ya kalle ni, ya kalli mai tandar da ke zufa, ya ce, "Ke yanzu wannan bawan Allah zan tambaya fatura?" Na ce to a bar shi, wannan namu ne. A gidan mai kuwa sun ba mu ba gardama. Mai a ƙasar nan ya fi ruwan roba arha, har yanzu in na faɗa wa 'yan gida a waya ba sa yarda.

Hanyar Makka shimfiɗe take kamar tabarma, ba rami ba gargada, sai manyan motoci da masu gudun da ba su san akwai mutuwa ba. A shingen Shumaisi askari ya leƙo, ya karɓi iƙama ya juya ta, ya ce yalla. Da muka wuce ƙarƙashin ƙofar nan mai siffar marikin Alƙur'ani sai ga mu a ƙasar Makka. Shekaruna nawa a ƙasar nan, amma ban taɓa ratsa Makka in wuce ba tare da na shiga Harami ba. Na hango hasumiyoyi daga nesa, na yi salati, na ce Allah ka san aiki ne ya fito da ni. Yarinyar tana baya tana tilawa a hankali, tana yi tana gyangyaɗi.

Daga gindin dutse aka fara hawan Hada. Wadda ba ta taɓa bin hanyar nan ba, ta ɗauka igiya ce aka naɗe wa dutse. Kwana ta ƙare wata ta kama, kunne ya toshe, in kin leƙa ƙasa motoci kamar ƙwari. Maigidana ya kashe esi saboda motar ta fara nishi, muka sauke gilashi, sai ga iska mai sanyi irin wadda na manta akwai ta a duniya. Birrai zaune a kan katangar hanya, uwa da ɗa, ba tsoro ba kunya. Wani babba ya zo har jikin mota ya miƙo hannu, yarinyar ta ba shi ragowar tamis, ya shinshina ya jefar. Maigidana ya ce ka ga ɗan gari, ba ya cin saura. A saman dutsen masu 'ya'yan itace sun jera kwali-kwali na rumman da inabi da ɓaure, da barshumi mai ƙaya da suke feɗe wa mutum a take. Kuɗin da suka faɗa ya ninka na kasuwar Jidda, alhali daga bayan dutsen nan ake tsinko su. Na taya, mutumin ya yi kamar na zage shi, na juya, ya kira ni. Ko'ina ɗan kasuwa halinsa ɗaya.

Shagon farko yana cikin wata babbar kasuwa mai esi. Kafin in shiga na maimaita ƙa'idojin da aka gindaya mini: kada in taya, kada in bari a gane ni, in lura ko an yi mini maraba, ko an shafa mini samfuri, in sayi kwalba ɗaya da kuɗina, in karɓi fatura. Rashin tayawar nan shi ya fi yi mini wuya. Tun ina yarinya a Daura ban taɓa jin kuɗin abu na miƙa shi haka nan ba, harshena har ƙaiƙayi yake. Na danne. Ma'aikatan biyu ne, ɗaya yana waya bai ko ɗago ba, ɗayan ya yi mini hidima daidai gwargwado. Na fito na rubuta yadda aka yi a cikin mota. Da na zo kan mai wayar na ji tausayinsa, wa ya sani ko mahaifiyarsa ce ba lafiya. Sai na rubuta cewa yana waya, ban rubuta cewa ya yi banza da ni ba, tunda wayar na gani, zuciyarsa kuwa ban gani ba.

Muka yi azahar, muka ci saliƙ a ɓangaren iyali na wani gidan abinci. Shinkafa ce da aka dafa da madara har ta yi kamar fate, da kaza a kai. Maigidana ya ce abincin marasa haƙori ne, amma shi ya suɗe farantin.

Shago na biyu yana tsohuwar kasuwa, sai bayan la'asar aka buɗe. Maigidana ya tsaya neman wurin ajiye mota, na shiga da yarinyar. Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne baƙi, gemunsa ya fara fari, da farar riga tas. Ya yi mana maraba da Larabci, ya fara shafa mini samfuri a 'yar takarda, yana bayani a natse, wannan na Kambodiya ne, wannan an haɗa shi da furen wardi na garin nan. A raina na ce wannan ya ci maki. Sai yarinyar ta shinshina wata takarda ta ja mini abaya ta ce da Hausa, "Umma, wannan kamar humrar Inna."

Dattijon ya tsaya cak da kwalba a hannu. Ya ce, "Sannunku da zuwa. Ina wuninku?"

A nan ne masu magana suke cewa na yi kuskure. Wai da na yi shiru, in yi kamar ban ji ba, ina cikin niƙabi wa zai gane ni. To ni ban iya ba. Mutum ya girme ni, ya gaishe ni da harshen uwata a bayan dutsen da ban san kowa ba, in kau da kai saboda ƙa'idar kamfani? Na ce lafiya lau, ina gajiya, ya aiki, ya iyali. Kun san gaisuwarmu ba ta da birki. Ya ce mutanen ina ne, na ce Daura, amma mahaifiyata 'yar Magarya ce. Ya ajiye kwalbar ya dafe kai. Shi ma ɗan Magarya ne. Ya tambayi gidan su Inna, na kwatanta, ya ce ai ta bayan gidan yake bi zuwa lakkwal, wato makarantar boko, yana yaro, akwai wata tsamiya a ƙofar. Akwai ta kuwa. Ya ce iyalinsa na can, ya daɗe bai je ba, kuma a shagon nan sai ya yi wata bai ji Hausa ba in ba a waya ba.

Ya juya wurin yarinyar ya ce aji nawa take. Kafin in tare ta har ta faɗa masa ta sauke, za a yi mata walima. Ya ce ta karanta masa ko aya biyu. Ta karanta ƙarshen suratul Hashri da muryar nan tata siririya, abokin aikinsa Bayamane ya bar abin da yake yi ya saurara. Na ga idon dattijon ya kawo ruwa.

Na nuna kwalbar da zan saya, na buɗe jaka. Ya ce, "Ƙanwata, mayar da jakarki." Ya zaro walat ɗinsa, ya ƙirga kuɗi daga nasa ya sa a injin shagon, injin ya buga fatura, ya naɗe ta da kwalbar ya miƙa wa yarinyar. Na ce, "Haba Yaya, don Allah kada ka yi haka, wallahi da dalili." Ya ce, "Dalilin me? 'Yar Magarya ta sauke Alƙur'ani ta zo har inda nake, in karɓi kuɗin uwarta? So kike ki kunyata ni gaban Balaraben nan?" Na buɗe baki in faɗa masa abin da ya kawo ni, na tuna amana ce aka ba ni, na rufe. Na yi godiya, na yi masa addu'a, muka fito.

Kwana kuwa ba mu kama ɗaki ba. Maigidana yana da goggo a garin, tsohuwa da ta zo tun zamanin jirgin ruwa, kuma da ta ji muna Ɗa'ifa ta ce in muka kwana a otal kada mu sake kiranta goggo. Ta tuƙa mana tuwo miyar kuka da man shanu, jikokinta suka zagaye mu suna Larabci, in an yi musu Hausa su yi dariya su amsa da "aiwa". Sanyi ya sa har bargo muka rufa, a watan da Jidda ke tafasa.

Washegari bayan Juma'a muka kamo hanyar gida. A gangaren Hada, motar na bin kwana a hankali, na faɗa wa maigidana abin da ke cina. Faturar nan ta gaske ce, amma ba ni na biya ba. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, ki karɓi kuɗin a kamfani, in na sake hawowa in kai wa mutumin abinsa. Na ce, "Kai in ka yi wa 'yar wani kyautar sauka, aka aiko maka da kuɗinka a ambulan, yaya za ka ji?" Sai ya ce to ki riƙe, kyauta ce ya yi miki, ta zama taki, kamfani kuma ya yi alkawarin biyan kuɗin kwalba. Na ce kamfani cewa ya yi zai mayar mini da abin da ya fita daga jakata, kuma babu abin da ya fita. Ya ce, "Ragon fa?" Na ce ina sane da ragon.

Muna shiga Jidda gumi ya ce ga ni. Muka zarce Sharafiyya na yi shago na uku kafin magariba, cikin hayaniyar masu hon da ƙamshin tsiren 'yan uwanmu da Larabawa ke layi a kansa. A wannan shagon ko tari ban yi da Hausa ba, yarinyar ma na bar ta a mota.

Ranar Asabar da safe maigidana ya roƙi kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, awa biyu ya kai ni Bagdadiyya. Ofishin yana hawa na uku a wani tsohon bene, lif ɗinsa na kuka kamar zai tsinke. Wanda ke karɓar takardu mai lissafin kamfanin ne, wani Balarabe mai tabarau da gajiya a fuska, kofin shayi ya huce a gabansa. Ba mugu ba ne, kada wata ta ce na ce mugu ne. Har kujera ya jawo mini da kansa.

Ya yi mini bayani da Larabci a hankali don in gane. Takarda biyu zan sa wa hannu. Ɗaya ta ladan aikina. Ɗaya ta kuɗin da na kashe aka mayar mini, ita ce ake liƙa wa fatura. Wannan ta biyun, in shekara ta ƙare, tana cikin abin da kamfani ke kai wa hukumar haraji, a ce ga abin da aka kashe wajen aiki, a cire shi kafin a yanka musu abin da za su biya. Shi ya sa dole kowane layi ya zo da fatura da sa hannun wanda ya kashe. Na ce ya karanta mini abin da ke saman wurin sa hannun. Ya karanta: na tabbatar ni na biya waɗannan kuɗi daga aljihuna saboda wannan aiki.

Na zare faturar shago na biyu na ajiye gefe. Na ce wannan ba ni na biya ba, na ba shi labari a taƙaice.

Ya ɗaga faturar ya duba ta ta haske. Ya ce, "Ya Hajja, wannan lafiyarta lau. Injin shagon ne ya buga, ga rana, ga lamba. Hukuma takarda take gani, ba ta tambayar aljihun wa."

Na ce, "Ita ba ta tambaya, amma layin da ka karanta mini ya tambaya."

Ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce ina faturar wurin kwana? Na ce a gidan goggon mijina muka kwana. Ya ce, "Ba matsala. An ware kuɗin kwana, haƙƙinki ne. Ki samo fatura daga kowane gidan haya na 'yan kwanaki, riyal goma za su rubuta miki. Kowa haka yake yi." Maigidana ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ce tuwon goggo da bargonta ba su da fatura, kuma ba zan sayo musu ba.

Sai ya faɗa mini abin da ke ƙasa. In ya rubuta cewa ma'aikacin shago ne ya biya, to an gane ni ke nan, ziyarar ta ɓaci, ba lada. Kuma wadda aka gane ba a sake tura ta. Ya ce, "Ina da 'ya'ya mata ni ma. Sa hannu kawai, halas, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Wallahi na ga ragon a lokacin, har ƙahonsa. Na ga fuskar yarinyar ranar da na yi mata alkawari. Alƙalamin na hannuna. Amma kuma na ga malamanta zaune a tabarmata, mutanen da suka kwashe shekaru suna gyara mata harafi ɗaya ɗaya, in ɗauko naman da na samu da sa hannun ƙarya in ajiye a gabansu su ce bismillah. Na ce, "Kuɗin nan walimar saukar Alƙur'ani zan yi da su. Cire wannan, cire kwanan, ka ba ni in sa hannu a kan man mota da saliƙ da kwalba biyu."

Abu ɗaya na roƙe shi. Kada ya rubuta komai a kan dattijon, ya soke ziyarar baki ɗaya kamar ban je ba. Shagon bai yi asarar ko halala, kobon ƙasar nan, ba, kuma cikin duk waɗanda na gani babu wanda ya kai shi iya karɓar baƙo. Ya ja layi a kan shagon, ya miƙo mini faturar ya ce in tafi da ita. Da muka miƙe ya ce da maigidana, "Allah ya taimake ka, ya akhi." Maigidana ya ce amin da ƙarfin da bai kamata ba.

Abin da aka ba ni bai kai rago ba, ko rabin na kirki. Tafiye-tafiyen gaba kuma sun tafi. Da maƙwabciyata ta ji, wannan karon da ƙafarta ta sauko, da cikinta da komai. Ta ce na zubar mata da mutunci a wurin mutanen da suka yarda da ita, ta ce tsarkin nawa ya yi yawa, wai ni kaɗai ce Musulma a Jidda? Na ba ta haƙuri a kan abu ɗaya, cewa ita ta kai ni kuma ban yi aikin yadda suke so ba. Sauran ban ba ta haƙuri ba. Daga bakinta labarin ya fita, na sani, kuma na yafe. Har wata ta aiko mini cewa haraji ai na gwamnati ne da kamfani, ina ruwan matar direba. Ruwana shi ne sunana ne a ƙasan takardar.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini. Aikin ba shi da laifi, wadda za ta iya ta yi, amma ta karanta abin da ke saman sa hannunta, ta kuma raba ladanta da abin da aka mayar mata, don ba abu ɗaya ba ne ko a wurin hukuma ko a wurin Allah. Ni dai na gane ban dace da shi ba, domin in gobe aka sake tura ni wani dattijo ya ce mini ina wuni, zan amsa, har in tambayi iyalinsa. Na kuma gane mutanenmu, duk inda suke a ƙasar nan, alherinsu ba ya zuwa da takarda, kuma ni ba zan ƙirƙira masa ita ba.

Abin da ya rage mai wuya shi ne faɗa wa yarinyar. Na jinkirta har bayan la'asar, na same ta tana ninke kayan ƙannenta. Na zauna kusa da ita na ce ragon nan bai samu ba, kaji za mu saya a yi shinkafar kabsa, kuma alkawarin yana nan a wuyana ko bayan Hajji ne. Na faɗa mata dalili duka, ban ɓoye komai ba, tunda a gabanta aka yi rabin abin. Ina magana ina jiran ta fashe da kuka.

Ta gama ninke rigar da ke hannunta ta ajiye. Ta ɗago ta kalle ni, da Hausarta ta 'yan Jidda ta ce, "Halas, Umma, kaji ma nama ne. Amma ranar walima in wata ta ce ina ragon, ke kar ki ce komai. Ki turo ta wurina, ni zan faɗa mata."